Yadda Ake Kafa Wa Matasa Dokar Cin Abinci A Gida

Iyaye da yawa a Bauchi suna kuka da abu guda: an tuƙa tuwo an kaɗa miya, yaro ɗan shekara 15 ya ce a ƙoshe yake, amma bayan sallar isha'i sai a gan shi a bencin mai shayi yana jiran a soya masa indomi da ƙwai. Tsawa ba ta cika gyara wannan ba.

Matakin farko shi ne a raba iko. Iyaye ne za su zaɓi abin da za a ɗora a wuta da lokacin da za a ci, shi kuma matashi a bar masa yawan abin da cikinsa zai ɗauka. A shekarun nan jiki yana girma da sauri, yau ya tashi da malmala uku, gobe ɗaya ta ishe shi, kuma tilasta masa ya suɗe kwano ba ya haifar da komai sai ƙyamar abincin gida.

Sai a gyara karin kumallo, domin yaron da ya tafi makaranta bai karya ba, kuɗin tararsa a biskit da lemun kwalba za su ƙare. Kunun gyaɗa da ƙosai, ko masa, ko ɗumamen tuwo sun wadatar.

Batun lemun kwalba kuwa, a nuna masa da ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato kimanin giram 50, cokalin shayi 12. Robar lemu mai rabin lita ita kaɗai tana iya kaiwa haka. A auna cokali 12 a kofi a gabansa, sannan a yi yarjejeniya: lemu sau ɗaya a mako, sauran kwanaki zoɓon gida mai ɗan sukari kaɗan.

'Yan mata suna buƙatar kulawa ta musamman, saboda jinin al'ada yana rage sinadarin ƙarfe a jiki. A yawaita musu wake, hanta, zogale da alayyafo, a haɗa da lemun zaƙi ko gwaiba, a kuma nesanta shayi da lokacin cin abinci, domin yana rage yadda jiki ke karɓar sinadarin. Abin da ya fi damuna shi ne yi wa yarinya gorin ƙiba ko rama, wanda yakan tura ta ga ƙauracewa abinci ko shan maganin ƙiba a ɓoye. Idan aka ga tana ramewa ko yawan jiri, a kai ta asibiti.

Daga ƙarshe, a riƙa zuwa da matasan, maza da mata, cefane kasuwar Muda Lawal ko Wunti, a bar su su zaɓi miyar rana ɗaya a mako, su kuma dafa ta da hannunsu. Ranar nan maigida ya dawo da wuri, a shimfiɗa tabarma a ci tare, ba tare da lemu a gefensa ba.