Yadda na gyara tagogin gidanmu a Birni

Gidanmu na ƙasa ne, a unguwar Birni, nan Damagaram. Gara ta cinye tsofaffin tagogin katako, da hunturu har kan shimfiɗa ƙura take sauka. Na sa mai walda ya ƙera mini na ƙarfe guda 3, muka kafa su da siminti. Ruwan farko na damina sai simintin ya rabu da bango, ruwa yana bin tsagar. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don da gumi na tara kuɗin.

Wani dattijon magini ya sa yatsa a tsagar ya ce, "Yaro, siminti ba ya kama laka. Kuma ina azararka?"

"Wallahi Baba, ban sa ba."

Muka ciro su. Mai walda ya ƙara wa kowace taga ƙafafun ƙarfe da za su nutse cikin bango. Muka ɗora azarar giginya a sama, ta shiga bango kamu ɗaya hagu da dama. Lakar kuwa da ciyawa muka kwaɓa ta, ta kwana 3 tana tsima, sannan muka cike gefuna, muka karkata dokin tagar waje don ruwa ya zurare.

Damina ta wuce, bangon bai tsage ba.