Yadda za ka gane tsohuwar lasifikar JBL ta asali da zamaninta kafin ka biya kuɗi

Duk wanda ya saba zagayen kasuwar kayan wuta na hannu, ko Sabon Gari ta Kano ko Alaba ta Legas, ya san yadda sunan JBL ya cika ko'ina, a jikin 'yar bulutut ta aljihu, a jikin akwatin masu kiɗan biki, har da wanda kafinta ya haɗa shekaran jiya aka manna masa tambari. Ni wadda ta dame ni ita ce tsohuwar lasifikar falo, mai akwatin katako mai nauyin tsiya, irin wadda takan faɗo cikin kayan Beljiyam jefi-jefi, mai shago ma wani lokacin bai san me ya riƙe ba. Idan kana son irinta toh sai ka ɗan san tarihin kamfanin, domin rubutun da ke bayanta da irin maganaɗisun da ke cikinta su ne za su gaya maka shekarunta, ba bakin mai sayarwa ba.

Ka fara da sunan. JBL haruffan sunan mutum ne, James Bullough Lansing, an haife shi a 1902 a jihar Illinois ta Amurka, asalin sunansa ma James Martini, daga baya ya sauya. A 1927 shi da abokinsa Ken Decker suka buɗe Lansing Manufacturing Company a Los Anjelis suna ƙera lasifikar rediyo, sai ga zamanin fim mai magana ya shigo, gidajen silima suna neman sautin da zai cika babban zaure, nan Lansing ya shiga aikin da kamfanin fim na MGM ya yi ƙarƙashin Douglas Shearer, shi ya ƙera musu lasifikokin wannan babban tsarin sautin silima da ya yi suna a shekarun 1930. Mutumin gwani ne a ƙira amma harkar kuɗi Decker ne ke riƙe da ita, da Decker ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1939 sai kamfanin ya fara tangal-tangal, a 1941 kamfanin Altec ya saye shi, aka haɗa suna ya koma Altec Lansing. Wannan wurin ka riƙe shi da kyau saboda a nan masu saye suke rikicewa. Idan ka ga Altec Lansing a jikin akwati, ba JBL ba ce kuma ba jabu ba ce, kamfanoni biyu ne daban da suka fito daga hannun mutum ɗaya. Lansing ya yi wa Altec aiki shekara biyar, a 1946 ya fita ya kafa nasa, Altec suka ƙi yarda ya yi amfani da Lansing zalla tunda sun riga sun sayi sunan, shi ya sa ya koma James B. Lansing Sound, a hankali aka taƙaita zuwa haruffa uku.

Ƙarshensa abin tausayi ne wallahi. Bashi ya yi wa sabon kamfanin katutu, a watan Satumba na 1949 ya kashe kansa, bai ga ko ɗaya daga cikin nasarorin da sunansa ya samu ba. Kuɗin inshorar rayuwarsa, dala 10,000 da ya rubuta da sunan kamfanin, da su ne abokin kasuwancinsa William Thomas ya tallafi wurin ya hana shi rushewa, kuma Thomas ɗin ne ya riƙe shi har shekara ashirin.

Toh yanzu ka juya akwatin ka duba baya. Ka tafi da tocila, da sukundireba, da batir ɗaya na rediyo mai bolt 1.5 da 'yar waya, in kana da mita ta auna wuta ka ɗauke ta ita ma. Abin da za ka fara nema shi ne lambar samfuri da adireshin kamfani a jikin takarda ko farantin da ke kusa da inda ake ɗaura waya. Idan ka ga Casitas Avenue, Los Angeles, kayan ya girmi ƙarshen shekarun 1970. Idan Balboa Boulevard, Northridge ka gani, bayan sun tashi zuwa sabuwar masana'anta ne a wajen ƙarshen shekarun 1970 ɗin zuwa gaba. In kuwa Allah ya ci da kai ka ga an rubuta Jim Lansing Signature a jikin kan lasifikar, wato zagayayyen abin da ke fitar da sauti a cikin akwatin, ka san kana gaban kayan farko-farkon kamfanin, wannan kar ka tsaya dogon ciniki har wani ya riga ka.

Manyan kayan zamanin Thomas, irin Hartsfield ta 1954 da Paragon ta 1957 mai faɗi kamar kabad ɗin falo, gaskiya da wuya ka ci karo da su a nan. Wadda za ka iya gamuwa da ita ita ce L100. A 1969 Thomas ya sayar da kamfanin ga Jervis Corporation na Sidney Harman, shekara ɗaya bayan haka a 1970 suka fito da L100 Century, wadda a zahiri lasifikar situdiyo ce mai lamba 4310 aka sa mata kayan ado aka shigo da ita falo, kuma ta yi kasuwa sosai a wannan zamanin. Alamominta a bayyane suke. Babban kan mai ba da gangar sauti inci 12 ne kuma takardarsa fara ce, akwai matsakaici ɗaya, akwai ƙarami na siririn sauti, sannan maɓallan juyawa biyu a gaba. Murfin fuskarta soso ne mai gida-gida kamar an yanka shi murabba'i, ruwan lemo ko shuɗi ko ruwan ƙasa. Sosan asali kusan duk ya riga ya marmashe, don haka in ka ga wadda babu murfi ko an sa mata yadi kar hakan ya kore ka, in kuma ka ga soso fes kamar sabo toh ko dai an sauya shi ne ko kuma L100 Classic ce wadda suka sake fitarwa a 2018, ita ma mai kyau ce amma ba tsohuwar ba ce, farashinsu da ƙimarsu daban.

Sai babban gwajin, wanda ni na fi ba shi muhimmanci fiye da komai. Ka roƙi mai kaya ya bari a kwance babban kan daga akwati, noti huɗu zuwa takwas ne kawai, in ya ƙi ka san akwai magana, domin abin da aka fi yi shi ne a bar akwatin asali a cire kan a sa na banza. Kan JBL na da, firem ɗinsa zubin alminiyom ne mai kauri, ba falle-fallen ƙarfen da aka danne da inji ba, kuma akwai tambari da lambar samfuri a bayansa. A kan wasu za ka ga jan kakin hatimi a kan notin baya, in yana nan lafiya alama ce ba a taɓa buɗe shi ba. Daga nan ka dubi maganaɗisun. Tun daga D130, kan inci 15 mai farar hular alminiyom a tsakiya wanda Lansing ya ƙera da hannunsa, wanda daga baya kamfanin Fender ya riƙa sawa a amfilifayar jita, JBL da maganaɗisun alniko suke aiki, wato haɗin ƙarfe da alminiyom da nikel da kobalt. Shi a rufe yake cikin wata tukunyar ƙarfe, in ka kai sukundireba kusa da bayansa da ƙyar za ka ji ya ja. Na ferayit kuwa, wato irin maganaɗisun da suka koma amfani da shi daga baya, za ka ga baƙin zobe mai faɗi a fili an matse shi tsakanin faranti biyu, sukundireba na zuwa kusa zai fizge shi.

Dalilin sauyin daga nahiyarmu ya taso. Kaso mai yawa na kobalt ɗin duniya daga Zayar yake fitowa, wato Kwango Kinshasa ta yanzu, a 1978 yaƙi ya ɓarke a lardin Shaba har 'yan tawaye suka shiga garin ma'adinai na Kolwezi, farashin kobalt ya yi tashin gwauron zabi, masu ƙera lasifika suka rasa yadda za su yi, a wajen 1979 zuwa 1980 JBL suka koma ferayit. Shi ya sa lambar ma takan nuna maka, da yawa daga masu ƙarewa da A alniko ne, masu ƙarewa da H ferayit, kamar LE14A da LE14H, haka kuma D130 da K130 alniko ne amma E130 ferayit. Masu tara tsofaffin kaya sun fi tsadanta alniko, ni dai a kunnena na ferayit ɗin nasu bai gaza ba, kuma alniko yana da nasa aibin, in aka taɓa dukansa da wuta mai yawa ƙarfin jansa yakan ragu. Amfanin sanin bambancin shi ne kar a sayar maka da kayan 1983 a ce maka na 1965 ne.

Tunda kan yana hannunka, ka duba zoben da ya riƙe bakin takardar. In na yadi ne mai lanƙwasa-lanƙwasa kamar na L100 yakan daɗe. In na soso ne kuma ka taɓa ya farfashe, wannan gyara ne mai sauƙi wurin mai gyaran lasifika, ka dai rage kuɗin daga ciniki. Wasu daga jerin LE na shekarun 1960 suna da wani zobe mai launin fari-fari ko rawaya da yake ƙandarewa da tsufa, in ka buɗe masa wuta a haka takardar ce za ta tsage. Ka sa yatsu a kewayen tsakiya ka danna a hankali daidai wa daida, in ka ji ƙarar gogayya kamar yashi a ciki, koyil, wato naɗin wayar da ke motsa takardar, ya taɓu. A mita, kan da aka rubuta om 8 zai nuna maka wajen 5 zuwa 7, in bai nuna komai ba waya ta tsinke a ciki.

Gwajin batir kuma akwai wani abu da yake ruɗa har masu gyara. A yawancin lasifikoki in ka taɓa kan batir mai alamar tarawa da jan maɗauri, takarda waje take fitowa. A tsofaffin JBL da yawa akasin haka ne, ciki take shiga, haka kamfanin ya tsara tun da. Kar ka bari wani ya ce maka lalacewa ce ya juya maka wayoyi, abin da za ka tabbatar kawai shi ne ta hagu da ta dama suna motsi gefe ɗaya.

Kamfanin ya sha sauya hannu bayan cinikin 1969, Harman ya sayar wa Beatrice Foods a 1977 lokacin da ya karɓi muƙami a ma'aikatar kasuwanci ta gwamnatin Jimmy Carter, ya sake sayen abinsa a 1980, sannan a 2017 Samsung ta saye kamfanin Harman mai riƙe da JBL gaba ɗaya kan wajen dala biliyan 8, don haka 'yar bulutut ɗin da ke aljihunka, in ta asali ce, a ƙarƙashin kamfanin Koriya take yanzu. Tsohuwar ta katako ita ba a jona ta da wutar NEPA, amfilifaya take buƙata, in amfilifayar ma daga Amurka ta zo ka duba ko ta bolt 110 ce kafin ka cusa ta a soket. Idan ka kai ta gida ka ɗaga ta daga ƙasa saboda danshin damina da gara, ka rufe fuskar da yadi lokacin hunturu, ranar farko kuma ka kunna ta da ƙaramin sauti, ka kai kunnenka kusa da kowane kai ɗaya bayan ɗaya ka tabbatar duka ukun suna magana kafin ka ƙara murya.