Kafin ka yi walda, duba ko lanƙwasawa za ta wadatar

Jama'a, in za ku haɗa ƙarfen tallafi mai kusurwa, irin na riƙe katako ko shiryayye, kada ku yanka faranti biyu ku haɗa da walda. Ku yanka guda ɗaya, ku kai injin lanƙwasawa.

Ga dalili. Zafin walda yana jan ƙarfe, yana hucewa sai ka ga kusurwar ta karkace. Ga kuɗin sandar walda, ga wuta, ga gogewa da giranda. Kuma wurin da ake yawan girgiza, a bakin walda tsagewa ta fi farawa.

Amma ka kula. Kada ka matse lanƙwasar ta yi kaifi. A ƙarfe mai laushi, bari radiyos na cikin lanƙwasar, wato nisa daga tsakiyar zagayenta zuwa bakinsa, ya kai aƙalla kaurin farantin, in ba haka ba bayan zai tsage. Ka ɗan zarce digiri 90, domin ƙarfe yana komawa baya kaɗan in an sake shi.

Ƙarfen zubi kuwa kada ma ka gwada, karyewa zai yi. Faranti mai kauri sosai ma, in injinku ƙarami ne, walda ce mafita.