Darasi na 9: Mota Tana Zafi, Ruwa Yana Raguwa

Injin mota mai lafiya yana aiki da zafin kusan digiri 90. A gaban direba akwai allurar zafi tsakanin harafin C da harafin H. C sanyi ne, H zafi. Idan allura ta doshi H, ka sauka gefen titi ka kashe mota. Kada ka ce bari in lallaɓa in ƙarasa gida. Tafiyar mintuna kaɗan ta isa ta ƙone gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa.

Kada ka taɓa murfin lagireto nan take. Murfin yana riƙe ruwan a matse, shi ya sa ruwan yake wuce digiri 100 bai tafasa ba. Kana buɗewa zai feso maka a fuska. Ɗaga bonet, ka jira aƙalla minti 30, sannan ka sa tsumma ka murɗa a hankali.

Ruwan lagireto zagaye yake yi a rufe. In kullum safiya sai ka ƙara, to akwai inda yake fita, kuma ƙarin ruwa ba gyara ba ne. Da daddare ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin injin. Da safe, inda ɗigo ya sauka zai nuna maka wurin dubawa. Matsa tiyo na sama da na ƙasa da hannu: wanda ya kumbura, ya tsattsage ko ya yi laushi, kwanansa ya ƙare. Duba bakin tiyo wajen ƙarfen da ya ɗaure shi, ko za ka ga farin shaida ko tsatsa. Famfon ruwa, wanda ke zagaya da ruwan cikin inji, yana da ɗan rami a jikinsa. In yana ɗiga ta nan, famfon ya gaji. Shi kansa murfin, in robarsa ta mutu, ruwa zai riƙa ficewa, ga shi kuwa bai da tsada.

In kwali ya kwana a bushe amma ruwa na raguwa, abin ya fi tsanani, domin wataƙila cikin inji yake shiga. Zaro gejin baƙin mai. In man ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya haɗu da mai. Haka in salansa tana fitar da farin hayaƙi mai kauri bayan mota ta ɗumama, ko kumfa tana ta tasowa a bakin lagireto. Wannan gasket ne ko kan inji. Kada ka ƙara tayar da motar, ka kira bakanike.

Wani lokaci ruwa a cike yake, amma zafi bai daina ba. In a cunkoso take zafi, ta huce a babban titi, duba fanka. A Peugeot 504 bel ne ke juya ta, a Golf 3 kuwa lantarki ne, sai a duba fis da waya. In a doguwar tafiya take zafi, sau da yawa lagireto ne ya toshe. Ruwan rijiya yana barin datti da tsatsa a cikinsa, don haka kulant, wato ruwan musamman na sanyaya inji, ya fi. Ƙwai ko garin barkono da wasu ke zubawa don tsayar da yoyo, toshewar suke ƙarawa. Tamostat ma, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto in inji ya yi zafi, in ya maƙale, a canja shi. Cire shi gaba ɗaya da ake yi a gareji da yawa yana sa mota shan mai.

Aiki: Gobe da safe, kafin a tayar da mota, duba ruwa da gejin baƙin mai, ka rubuta abin da ka gani a littafinka.