Kurakuran masu zuwa kallon zawarcin tsuntsayen bakin ruwa a Varanger

Kowace shekara sai an samu mai kashe kuɗin jirgi har yankin Varanger, can ƙuryar arewacin Norway, a watan Yuli, ya dawo yana cewa sauro kawai ya gani. Malam, ai kasuwa ta riga ta tashi. Wasan zawarcin daga ƙarshen Mayu ne zuwa tsakiyar Yuni, da zarar ƙanƙara ta narke.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne miƙewa tsaye. Tsuntsun da Turawa ke kira ruff, wanda ke kiwo da hunturu a fadamun Hadeja da Nguru cikin launin ƙasa-ƙasa, a can Varanger yake fito da adonsa: gashin wuya buzu-buzu, kowane namiji da irin launinsa. Mazan kan taru a dandali guda, kowa da ɗan filinsa, suna tsalle suna kai wa juna hari ba tare da ko kuka ba, mace ta zo ta zaɓa. Kafin ta zo kuwa sai an sha jira. Wata safiya muna kwance, sanyi ya ratsa ƙashi, mace ta sauka ke nan, sai wani bawan Allah ya zabura ya miƙe wai zai gyara zaman kyamararsa. Fir, dandali ya watse. Haba! Fili ne fetal, ba bishiya ba rumfa, wa zai kasa hango ka? Ni a mota nake zama, gilashi a sauke. In babu hanya, in riga su zuwa, in kwanta rub da ciki, ba na tashi sai sun tashi.

Kuskure na gaba ya fi muni. Ka ga tsuntsu na jan fiffike a ƙasa yana kuka, kana murna wai rawar zawarci ce. Janye ka yake yi daga sheƙarsa. Kana ɗaukar hoto, ƙwai na yin sanyi, hankaka kuma na kallon inda ka tsaya. Koma ta inda ka fito, nan take.

Kada ka rantse cewa duk ruff marar gashin wuya mace ce. Akwai maza ƙalilan masu kamannin mata, sai a 2006 aka bayyana su. A wurin wani tsuntsun bakin ruwan da Turawa ke kira phalarope kuwa mace ce mai ado, ita ke bin namiji, shi ke kwanci.

Kunna kukan tsuntsu a waya don jawo su, bar shi. Ka kuma sa wa wayar ƙararrawa, domin rana ba ta faɗuwa a lokacin, kuma da sanyin safiya dandalin ya fi cika.