Kurakuran da aka fi yi wajen neman gidajen da ke jan lissafi daga wani fayil a Excel

A shagona na aikin kwamfuta nan Gombe, da wuya ƙarshen wata ya wuce ba a kawo mini wannan matsalar ba. Na baya-bayan nan wani matashi ne mai riƙe wa dillalin hatsi lissafi a Tudun Hatsi. Ya ajiye kwamfutarsa ya ce, "Malam, kullum na buɗe fayil ɗin nan sai ya tambaye ni wai ko zai sabunta, yau kuma na danna, jimillar buhunan wake ta canza." Abin da ya faru ba sabo ba ne. Ya kwafo shafin watan jiya zuwa sabon fayil, fomulolin suka biyo shi, amma idonsu na kan tsohon fayil. A cikin gidan, wato ƙaramin akwatin (cell) da adadin yake ciki, za ka ga abu kamar =[Janairu.xlsx]Wake!C14, wato adadin da kake gani daga can yake zuwa.

Kuskuren farko shi ne danna Update ba tare da sanin daga ina za a ɗebo lissafin ba. In fayil ɗin ta WhatsApp ko filas ya iso hannunka, tushensa na kan kwamfutar wani, ko kuma akwai wani mai irin sunansa a taka wanda adadinsa daban ne. Ka zaɓi Don't Update tukuna, ka shiga Data, ka buɗe Edit Links. A sabon Excel sunansa Workbook Links. Nan za ka ga sunayen fayilolin da naka ya dogara da su. Sai dai tsohon Edit Links fayilolin kawai zai lissafo maka, ba zai nuna maka gidajen ba.

Wajen neman gidajen ne mutane suka fi ɓata. Sukan danna Ctrl+F, su rubuta abin nema, Excel ya ce bai ga komai ba, su rufe da murna. Alhali a shafi ɗaya tal ya duba, wanda ke buɗe a gabansu. Dole ka danna Options, ka mayar da Within zuwa Workbook, ka tabbatar Look in yana kan Formulas. In yana kan Values, sakamakon zai duba, sakamako kuwa adadi ne zalla, babu sunan fayil a jikinsa. Ka kuma duba kada alamar Match entire cell contents ta kasance a kunne daga wani nema da ka yi ɗazu.

To me za ka rubuta? Da yawa sukan sa alamar [ kaɗai. Tana aiki, amma in kana da tebur irin wanda ake haɗawa da Ctrl+T, fomulolinsa ma da wannan alamar suke kiran sunan ginshiƙi, sai ka ga gidaje ɗari-ɗari sun fito ba su da laifin komai. Ni .xl nake rubutawa, domin yana kamo xls da xlsx da xlsm da xlsb gaba ɗaya. Sannan ka danna Find All, ba Find Next ba. Jerin zai fito a ƙasa da sunan shafi da adireshin kowane gida. Abin da nake yi a kan kowane shafi shi ne in zaɓe su duka in shafa musu launin rawaya, domin idona ya ga inda suke kafin in taɓa komai. Kafin duk wannan, danna dama a kan sunan ɗaya daga cikin shafukan a ƙasa ka zaɓi Unhide, ka fito da waɗanda aka ɓoye. Sau da yawa a can ɓarnar take kwance.

Yanzu ga wanda ya fi ba mutane ciwon kai. Ka nema, ka gyara, babu sauran .xl a ko'ina, amma gobe da safe tambayar ta sake fitowa. Kada ka ce kwamfutar ce ta lalace. Ctrl+F fomulolin cikin gidaje yake dubawa, mahaɗin waje kuwa, wato abin da ke haɗa fayil ɗinka da wani fayil, yana da wasu maɓoya. Babbar maɓoyarsa ita ce sunayen da aka raɗa wa gidaje. Danna Ctrl+F3, Name Manager zai buɗe, ka bi ginshiƙin Refers To layi-layi. Duk sunan da ka ga yana nuna wani fayil, ko yana ɗauke da #REF!, to ka duba ko ana amfani da shi, in ba a yi ka goge. Waɗannan sunaye suna bin shafi duk lokacin da aka yi masa Move or Copy, shi ya sa fayil ɗin da ya shekara biyar yana wucewa hannu zuwa hannu a ofis yakan tara su kamar ƙura a bayan kabad. Bayan nan ka duba Data Validation, wato jerin zaɓin da ke saukowa a gida, da ƙa'idojin Conditional Formatting masu canza launin gida. In akwai zanen jadawali (chart), danna kan sandunansa da takensa ka karanta layin fomula a sama. Akwatunan rubutu ma haka: F5, Special, Objects zai zaɓo maka su.

Akwai kuma fomular INDIRECT. In da shi aka kira wani fayil, Edit Links ba zai lissafa shi ba, kuma da zarar an rufe tushen sai gidan ya koma #REF!. SUMIF da COUNTIF su kuma #VALUE! suke bayarwa in tushen na rufe. Buɗe tushen kawai ya isa su dawo daidai, ba sai ka sake rubuta su ba.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne garajen danna Break Link. Yana mayar da kowace fomula mai mahaɗin waje adadi tsayayye, kuma Ctrl+Z ba ya dawo da ita. Fomular duka take tafiya, har ɓangarenta da ke lissafa gidajen cikin fayil ɗinka. Na ga takardar sakamakon ɗalibai da aka yi wa haka, aka gyara makin yaro, jimillarsa ta ƙi motsi, ba wanda ya lura sai da uban ya zo da biro ya lissafa da kansa. Ka yi Save As da wani suna kafin ka yanke komai. In kuma ka ga maɓallin ya dushe ya ƙi dannuwa, duba ko an kulle shafin, ka cire kullen ta Review.

Shi matashin Tudun Hatsi ma bai buƙaci yankewa ba. Shafukan da fomulolinsa ke nema suna cikin sabon fayil ɗin da sunayensu iri ɗaya. Muka danna Change Source, muka zaɓi shi kansa fayil ɗin da muke ciki, sunan Janairu ya ɓace daga fomulolin, suka koma kallon gida. Muka ajiye, muka rufe, muka sake buɗewa, tambayar ba ta fito ba. Ya ɗauko littafinsa na hannu, muka gwada jimillar wake da ta masara da abin da ya rubuta a kasuwa, suka zo daidai.