Abin da za ki ba yaro in ba motar roba ba

Duk gwaggo ko inna mai ɗiyan 'yan'uwa da yawa ta san lissafin nan: Sallah ƙarama, Sallah babba, saukar karatu, wanda ya zo na ɗaya a aji, ga wanda aka yi wa kaciya yana kwance yana jiran masu dubiya. Kowanne ana sa ran ki riƙo wani abu. Mafi sauƙi shi ne ki tsaya bakin babbar kasuwa ki ɗauki mota, ko 'yartsana, ko bindigar nan mai ƙwaya. Ni dai ba na saye, kuma yaran ba su daina tarbata a bakin zaure ba.

Malamar firamare ce ni, ina ganin ƙarshen kayan nan bayan hutu. Motar da aka saya ranar jajibiri, kafin a gama yawon Sallah taya ɗaya ta fita. Mai batir ta fi saurin mutuwa, kuma ɗan batirin nan zagayayye, in yaro ya haɗiye shi asibiti ake yi da gudu, don yana ƙona maƙoshi cikin 'yan sa'o'i. Bindiga mai ƙwaya kuwa ido take nema. Sannan gidajenmu ba na yaro ɗaya ba ne. Ki kai mota ɗaya gida mai ɗaki biyu da yara tara, kin kai shari'ar da za a yi mako ana yankewa, wani lokaci ma ta bar yaran ta koma tsakanin uwayensu.

Kyauta iri biyu nake bayarwa: wadda ake ci ko ake amfani da ita ta ƙare, da wadda ake zuwa a gani ko a yi da hannu. Ta biyun ba kuɗi take ci sosai ba, lokacinki take ci, kuma in ba ki da niyyar ba da lokacin gara ki tsaya ga ta farko.

Kafin komai ki kira uwar yaran. "Yaya, ina son in ɗauki ɗiyan ga ran Assabar, babansu na bari?" Ki tambayi wanda ke da sikila, wanda wani abinci ke tayar wa da ƙuraje, da wanda ke da hadda ranar. In gidan kishiyoyi ne, kada ki ɗauki na ɗakin 'yar'uwarki kawai ki bar sauran suna leƙe ta labule. Ko ki haɗa kowa, ko ki yi biyu: yau manya daga ɗakunan duka, wani makon ƙanana.

Abin ci ya fi komai sauƙin rabo. Dabino, aya, ƙuli-ƙuli, dakuwa, alkaki, tuwon madara, 'yar fallen kilishi, hoce in an samu mai kyau. Ki bi lokaci: mangwaro da kankana da bazara, rake da magarya da hunturu. Dabarar ɗaya ce, kada ki miƙa wa uwa leda guda ki ce a raba masu. Wannan cefane ne a idon yaro. Ki ƙulla wa kowa nasa daban, ki rubuta sunansa a jiki da biro, ki kira shi ki ba shi a hannu. Dabino bakwai masu sunansa sun fi masa kwano cike na kowa da kowa. Wanda ya fara kai azumi kuwa, ki aika masa da nasa buɗa-bakin, ko ƙwai biyu ne da soyayyen dankali, a ce daga gwaggo ne don ya kai.

Sai dai a kula da shekaru. Ba a ba jaririn da bai cika shekara ba zuma, ko ɗigo. Gyaɗa, aya da dabino mai ƙwallo ba na 'yan ƙasa da shekara biyar ba ne sai an daka ko an cire ƙwallon, don suna sarƙe yaro. Kayan zaƙi kuma da rana, ba dab da barci ba.

In kina da yammaci guda, ki haɗa biyun: ku yi abin cin tare. Kantun riɗi nake yi da su saboda ba ya son kaya da yawa. Riɗi gwangwani biyu, sukari gwangwani ɗaya. Ki wanke riɗin ki rege tsakuwa tun da safe, a shanya ya bushe. Tsintar datti aikin ƙanana ne, ki zuba masu a faranti su zauna kan tabarma. Ki soya shi a busasshiyar tukunya kan wuta kaɗan, kina juyawa, har ya fara tsalle yana ƙamshi, ki juye. Sai sukari shi kaɗai a tukunyar, har ya narke ya yi ja-ja. Nan wurin yara su ja baya, narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa mugun ƙuna kuma yana manne wa fata. Ki sauke, ki zuba riɗin, ki juya da sauri, ki juye a tiren da ɗaya daga cikinsu ya riga ya shafe da man gyaɗa. Babban cikinsu ya murza kwalba mai mai a kai har ya baje, ke kuma ki yanka tun da ɗuminsa, in ya huce sai dai a fasa. Ƙirga da rabo nasu ne, a nan za ki gane wanda ya iya lissafi da gaske. Ki sa su ware na kaka su kai mata da kansu. Autar yayata ta dire faranti gaban tsohuwa ta ce, "Kaka, ni niy yi shi," alhali tire kawai ta shafa, kuma ba wanda ya ƙaryata ta.

Akwai kayan da ba a ci amma suna ƙarewa. Fensir mai launi da littafin zane, alli, farar takarda ko da wadda aka buga gefe ɗaya ce. Ɗan makarantar allo ki kai masa sabon alƙalami da tawada. Man shafawa da hunturu, lokacin da ƙafa ke faso, kyauta ce da uwa za ta fi yaron godiya, don haka ki haɗa da wani abu. Namiji ki ba shi 'yar kwalbar turare ta Juma'a, tasa shi kaɗai. Mata kuwa lalle, a kira mai ƙunshi ta zo gida ranar jajibiri. Jan lalle na gida nake nufi. Baƙin nan da ake haɗawa da sinadarin rina gashi yana ɗaye wa wasu yara fata. Kwalli na cire shi daga lissafina gaba ɗaya, saboda na dutse yakan ƙunshi dalma, ita kuma guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro.

Fita ita ce ke daɗewa a bakin yaro, ita ce kuma ta fi saurin zama ƙarya. "Wata rana zan kai ku" ba kyauta ba ce. Ki sa rana. Ni nakan yanki kwali in rubuta sunan yaro, inda za mu, da ranar, in ba shi ran Sallah lokacin da wasu ke ba da kuɗi. Ya samu abin riƙewa, ke kuma kin ɗaure kanki, don zai kawo miki kwalin nan har gida. Alkawari kaya ne, na yaro ya fi nauyi.

Yara uku ko huɗu sun ishi babba ɗaya. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin garin nan na Sakkwato ke wuce maki 40, ku fita da sassafe ku dawo kafin rana ta take, da gorar ruwa a hannun kowa, musamman mai sikila. Ki ɗauki shatar keke napep, kada ki jera yara kan kabu-kabu. Ki rubuta lambar wayarki a takarda ki sa a aljihun kowane.

Yara da yawa an haife su a Sakkwato, sun girma a Mabera ko Arkilla, ba su taɓa shiga Hubbare ba, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake kwance. Ki fara da labari tun daren: Shehu Usmanu ya zauna Ɗagel, ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, ya rasu a garin nan a 1817. 'Yan mata ki ba su na 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma tura jajis, wato malamai mata da ta horar, ƙauyuka suna karantar da mata. Ita ma a nan take kwance. A je da shiga ta mutunci, a cire takalmi inda aka ce, a riƙe 'yan canjin sadaka. Gidaje sun bambanta kan maganar ziyara, wannan ma yana cikin abin da za ki tambayi uban yara, ba a ƙofa za ki yanke ba.

Gidan tarihi na Waziri Junaidu ya fi dacewa da 'yan aji huɗu zuwa sama. Akwai tsofaffin rubuce-rubucen hannu da kayan yaƙi na zamanin da. Ma'aikatar gwamnati ce, ranar aiki za ki nufa, kuma ki leƙa ke kaɗai tukuna ki ji tsarinsu. Kada ki ce sai sun ga komai. Kowa ya zaɓi abu ɗaya, in an koma gida ya zana shi ya ba kaka labarinsa.

Ƙanana ba ruwansu da tarihi, dabba da ruwa suke so. Kasuwar Kara ana saura kwanaki Layya, su ga raƙumi kusa da kusa, su ji yadda dillali ke ciniki, hannunsu cikin naki. Ko Kwalkwalawa kan hanyar jami'a, su ga gulbin Rima da masunta da fadamar albasa, ku sayi kifi su riƙo. Kallo kawai, ba shiga ba. Ban da nutsewa, ruwan gulbi da na tafki ne ke sa tsargiya, fitsarin jinin nan da ake ɗauka ba komai ba ne. Argungu tafiyar yini ce ga manyan yara: gidan tarihi na Kanta yana nan kullum, bikin kamun kifin da aka fara a 1934 kuwa ba kowace shekara ake yi ba. Wurno, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake kwance, da madatsar ruwa ta Goronyo wurare ne masu kyau, amma kowa ya san halin rashin tsaro da hanyoyin gabas ke ciki. Ɗiyan mutane ba a gwada hanya da su.

Wadda na fi so ita ce kai yaro wurin masu sana'a. Garin fata muke, jar akuyar Sakkwato ce ta yi wa fatarmu suna har ƙetaren hamada, amma ki tambayi ɗan aji shida yadda ake jima, shiru za ki ji. Ki je shiyar Madunka kwana ɗaya kafin, ki gaida badukun da kika ga yana da sakin fuska. "Baba, ina da yaro mai son aikin hannu, in kawo shi ya zauna awa ɗaya?" Ki faɗi abin da za ki biya tun a nan, lokacinsa kike saye. Da na kai ɗan ƙanena, tsohon ya fara miƙa masa kwaɓar bagaruwa ya ce ya shinshina, da ita ake jeme fatar. Ya yanko masa guntuwar ja, ya huda ramukan da kansa, ya bar masa zura zare. Yaron ya cije leɓe, ɗinkin ya karkace, tsohon ya warware biyu ya ce, "Sake, ba gudu aka yi ba." 'Yar jakar da ta fito ko naira hamsin ba za ta zauna daidai ciki ba, amma da ita yake zuwa Islamiyya. Haka za ki iya yi da maƙeran Assada, sai dai can daga nesa za a tsaya saboda tartsatsi, ko da tela, ko mai gyaran keke na bakin layi.

Saura kiwo, kyautar da kakanninmu ke yi tun kafin roba ta zo. Budurwar kaza guda, a ce ta wane ce. Shi ke ba ta ruwa da tsaki, shi ke duba akurki. In ta kwanta kan ƙwai, ki sa ya riƙa jan layi a bango da gawayi, kwana 21 ake ƙyanƙyashewa. Wanda ya kai shekara goma, kuma gidan da fili, 'yar akuya ta fi: cikinta wata biyar ne, sau da yawa tagwaye take haifa. Amma wannan sai uwar gida ta ce to da bakinta, don rabin aikin kanta zai faɗa. A yi wa kazar rigakafi kafin hunturu, lokacin da cutar kaji ke share gida, akuya kuma a nuna ta ga likitan dabbobi. Kuma a yi magana a gaban yaron tun ranar farko: ƙwai na waye, 'yan tsaki na waye, in baƙo ya sauka ba za a yanka ta yana makaranta ba.